Manhajar Ja da Kore da Gunarto Ya Zaɓa

Akwai wani maƙwabcinmu a nan birnin Semarang, can saman tudu inda unguwarmu take, sunansa Gunarto. Ku da kuke da mutane a ƙarƙashinku, ku karanta wannan a tsanake. Rabin labarin da idona na gani, sauran kuma daga bakin ƙanwarsa na ji.

Sana'ar gidansu hayar kayan biki ce: rumfuna, kujeru, lasifika, da dogayen ƙarafunan da ake kafa rumfa da su a tare layi. Mahaifinsu, marigayi Pak Wiryo, shi ya kafa ta. Da ya rasu sai ta dawo hannun Gunarto da ƙanwarsa Ningrum. Ita tana ofis, shi yana kan ma'aikata. A wurinmu Pak ake ce wa babba namiji, Mas ga yaya namiji, Mbak ga mace, Mbok kuma ga tsohuwa.

Gunarto ba rago ba ne, in na ce haka na zalunce shi. Ƙarfen da mutum biyu ke nishi a kansa shi kaɗai yake saɓawa a kafaɗa. Amma hannunsa ya fi bakinsa sauri. Kafin ya tambaye ka me ya faru, ka riga ka sha mari. Kuma babu maganar da ya tsana a duniya kamar a ce masa "ban gama ba."

Mu kuwa nan ba a kallon idon babba a ce masa a'a. Mutum zai sunkuyar da kai, ya yi murmushi, ya ce to, alhali ya san abin ba zai yiwu ba. Pak Wiryo ya san wannan sarai, shi ya sa ba ya sauraron baki, fuska yake kallo. In ya ga ma'aikaci ya ce to yana sosa ƙeya, sai ya ja shi gefe, ya zuba masa shayi, ya ce, "Faɗa mini, me ya tsaya?" Gunarto ya gaji rumfunan da motar kaya, amma bai gaji wannan ba.

Bayan Ƙaramar Sallah aka yi wani biki da ya zubar musu da mutunci. An kafa rumfa, an ɗaura lasifika, amma kujerun sun tafi wata unguwa daban. Dangin ango suka tsaya cirko-cirko cikin rana da kayan kwalliyarsu.

Da Gunarto ya dawo gida bai tambayi kowa komai ba. Ya damƙi wuyan Tarjo, ma'aikacin da ya loda motar, ya buga fuskarsa da ƙofar mota. Tarjo magidanci ne mai 'ya'ya. Ya tofar da haƙori haɗe da jini, ya tsugunna ya ɗauki haƙorin ya sa a aljihu, ya ce, "A yi haƙuri, Pak Gun."

Ningrum ta bari sai da yayan nata ya huce, sannan ta same shi.

Ta ce, "Mas Gun, ba laifin Tarjo ba ne. Aikin nan duk a kanka yake, saura kuma ya watse cikin saƙonnin waya. Ga watan Babbar Sallah yana zuwa. Mu nemi manhajar tsara aiki, kowa ya ga nasa a wayarsa."

Maganar watan ce ta kama shi. Tsakanin Sallah biyu mutanenmu ba su cika ɗaura aure ba, a Muharram kuwa ko kusa ba a yi. Saboda haka duk mai 'ya a gida sai ya ruga watan Babbar Sallah, bukukuwa su cakuɗe, layi ɗaya ka ga rumfa uku. Wanda ya kunyata a wannan watan, shekara guda zai yi ba a kira shi ba.

Gunarto ya ce, "Nemo. Amma wadda za ta nuna mini rago."

Ningrum ta ce, "Mas, ni tsorona ɗaya ne. Wannan hannun naka wata rana zai kashe mutum."

Ya yi tsaki ya fita.

Ta zauna ta yi aikin da gaske, yarinyar nan ba ta wasa. Kowace manhaja sai ta fara sa ta a wayarta, ta zuba ayyukanta na gida da na ofis, ta ga yadda take. Wata ta yi wa tsofaffin wayoyin ma'aikata nauyi. Wata ba ta jin harshenmu. Wata kuma ƙyale-ƙyalenta ya yi yawa, sai an buɗe aji kafin a iya ta. Ƙarshe guda biyu suka rage.

Ran nan da azahar ana zaune a rumfar ajiya ana cin shinkafa da soyayyen tempe, wato irin awararmu ta waken soya, da yaji, sai ta kawo su ta nuna wa kowa.

Ta farko launi biyu gare ta. In ka gama aiki ka danna, ya zama kore. In lokaci ya wuce ba ka danna ba, ya zama ja, wayar maigida ta yi ƙara da sunanka. Har jera ma'aikata take yi, daga gwani zuwa na ƙarshe.

Ta biyu launi uku ce. Tsakanin ja da kore akwai rawaya, a jikinsa an rubuta: na maƙale, ina neman taimako. In ka danna shi sai ka yi magana da murya ka faɗi abin da ya tsaya, kowa ya ji. Sannan tana da ɗaki daban na harkokin gida, wanda ba ya haɗuwa da na aiki.

Ningrum ta ce, "Ni wannan na zaɓa."

Gunarto ya kwashe da dariya har shinkafa tana fita daga bakinsa. Ya ce, "Maɓallin ragwaye ke nan. Ki ba Tarjo wannan, ai kwana zai yi a kai kamar katifa."

Ma'aikata suka yi dariya saboda maigida ya yi. Har Tarjo ya yi, yana rufe giɓinsa da hannu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Kasiman, direban gidan, wanda kowa ke kira Lik Man, wato Kawu Man. Tun zamanin Pak Wiryo yake jan motar kayan, shi yake kuma kula da ita. Shi ya riƙa saɓa Gunarto a wuya yana kai shi kallon wasa lokacin yana ƙarami.

Ya ce a hankali, "Gun, da mahaifinku yana nan, mai rawayar nan zai ɗauka."

Gunarto ya aje cokali. Ya ce, "Mahaifinmu yana kabari, Lik. Ni ne a nan. Aiki ko an yi ko ba a yi ba, babu na uku. Ning, sa wa kowa mai ja da kore."

Haka aka yi. Kuma in faɗi gaskiya, makon farko abin ya yi kyau. Kujeru suka daina ɓata, kowa ya san inda za shi da safe. Gunarto ya ji daɗi har ya wuce gona da iri, ya sa matarsa Retno da 'yarsu a ciki. Cefane, guga, aikin makaranta, maganin mahaifiyarsa, duk suka shiga jerin da loda rumfa yake ciki.

Bangonmu ɗaya da su, don haka ina ji. Wata safiya wayarsa ta yi ƙara saboda ba a danna gugar rigarsa ba, alhali rigar tana rataye a goge, mantawa kawai aka yi. Na ji ya yi ƙwallo da tukunyar shinkafa, na ji faranti suna fashewa a bango, na ji yarinyar tana kuka. Kafin azahar Retno ta haɗa jaka ta tafi gidan iyayenta a Kendal da 'yarta. Wallahi ranar raina ya ɓaci, na yi niyyar in shiga in yi masa magana, matata ta riƙe ni.

A wurin aiki kuwa ma'aikata suka gane karatun da wuri. Duk wanda sunansa ya yi ja, ko mari, ko shuri, ko a jefe shi da kujera. Wani an fasa masa leɓe saboda ruwan sama ya hana shi kafa rumfa a kan lokaci. To wa zai zauna yana jiran ja? Sai kowa ya koma danna kore tun yana hanya. In an samu hali a yi aikin daga baya, in ba a samu ba a rufa wa juna asiri.

Gunarto kuma ya daina kallon fuskar kowa. Yana tafe kansa a sunkuye, yana cin abinci idonsa a kan waya. A teburin mai shayi ni ma ya nuna mini, yana washe baki.

Ya ce, "Dubi nan, maƙwabci. Kore daga sama har ƙasa. Ka taɓa ganin kamfanin da ba shi da rago ko ɗaya?"

Na ce, "Ban taɓa gani ba kam." Ni ma ɗin ban faɗa masa abin da ke raina ba, ai ɗan garin nan ne ni.

Ana cikin tsakiyar watan, ranar wata Asabar, aiki ɗaya ya yi ja. Duba birkin mota, sunan Lik Man a kai. Washegari Lahadi suna da manyan bukukuwa a ƙasan gari.

Gunarto ya fito tsakar fili yana huci. Ya ce, "Lik, wannan mene ne?"

Lik Man ya miƙe daga ƙarƙashin motar yana goge hannu. Ya ce, "Bututun birki yana yoyo, Gun. In ka taka, ƙafa tana nutsewa. Sai an kai ta gareji ta kwana can. Na duba wayar nan ban ga inda zan faɗi haka ba, ni kuma ba zan danna an gama ba."

"Gobe fa? Da kai zan yi dakon rumfunan?"

"A yi hayar wata motar. Wannan ba za ta sauka gangara da kaya ba."

A gaban ma'aikata aka ce masa ba za a yi ba, abin da ba a taɓa yi masa ba ke nan. Ya ɗaga hannun nan na dama ya zabga wa dattijon mari a kunne, ƙarar ta yi kamar an fasa kwakwa. Lik Man ya yi tangaɗi ya faɗa kan tarin kujeru. Gunarto ya bi shi, ya shure shi a ciki, ya sake shurinsa, ya fizgi gajeren ƙarfe ya maka masa a baya.

Ningrum ta fito da gudu ta rungume ƙarfen tana cewa, "Mas, Lik Man ne fa. Ka dubi wanda kake duka."

Ya hankaɗe ta ta faɗi zaune. Ma'aikata suna tsaye, kowa idonsa a ƙasa.

Lik Man ya tashi da ƙyar. Jini yana gangarowa daga kunnensa na hagu zuwa wuyan rigarsa. Bai zagi kowa ba. Ya zaro mukullin motar daga aljihu ya aje a kan kujera, ya aje wayar aikin kusa da shi, ya ɗauki hularsa ya fita.

Gunarto ya latsa waya, ya mayar da aikin kan sunan Tarjo. Ya ce, "Kafin la'asar in ga kore."

Tarjo ya ce, "To, Pak Gun."

Tarjo ba makanike ba ne, mai loda kujeru ne. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya yanko robar tsohon tiyub ya naɗe wurin da ke yoyo, ya cika man birki, ya danna kore. Da Gunarto ya ɗaga kai ya kalle shi a lokacin, da ya ga gumin da ke fuskarsa, da ya ga yadda yake sosa ƙeya. Amma wayarsa ya kalla, ya ce, "Ka gani? Tsohon nan taurin kai ne kawai."

Lahadi da safe aka shaƙe motar da ƙarafuna da kujeru har ta durƙusa. Babu direba, don haka Gunarto ya shiga da kansa. Ya duba waya, komai kore, ya tayar ya fita.

Motar tana karya kwana Tarjo ya tsugunna bayan ofis yana amai. Ningrum ta same shi ta ce, "Lafiya, Mas Tarjo?"

Ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce, "Roba na ɗaura, Mbak. Robar tiyub. Ban gyara komai ba."

Ningrum ta zaro wayarta nan take. Ta kira yayanta, kiran ba ya shiga. Manhajar tana toshe kira in mutum yana kan aikin tuƙi, abin da Gunarto ya fi alfahari da shi ke nan. Ta sake kira, shiru.

Sai ta tuna gidan Lik Man yana ƙasan gangarar, bayan kasuwa. Ta kira wayarsa ta gida. Sai da ta maimaita maganar da ƙarfi, don ya fara sa wayar a kunnen da aka fasa.

Tambaya ɗaya ya yi mata: "Ya daɗe da fita?"

Duk wanda ya san hanyarmu ya san gangarar nan. Doguwa ce, tana da lanƙwasa, a ƙarshenta akwai danja, ga kasuwa a gefe. Safiyar Lahadi babura suna cika wurin, uba a gaba, uwa a baya, yara a tsakiya.

Lik Man ya fito da zanen gida da singileti, auduga a kunne, yana dafe da haƙarƙari. Ya shiga tsakiyar titi yana ɗaga hannu yana ture babura. Wasu suka zage shi, suka ɗauka ya zare. Ya fizgi usur ɗin mai kula da fakin ya dinga busawa yana nuna sama yana cewa, "Mota ba birki, ku kauce."

A can sama robar ta riga ta tsinke tun lanƙwasar farko. Gunarto ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya sake takawa, babu komai. Ya nemi ya sauke giya, ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ya ja birkin hannu, ya yi hayaƙi ya saki. Nauyin ƙarafuna yana tura shi, kujeru suna zubewa a titi, ya danne hon bai ɗaga ba.

Da ya hango danja, rabin titin ya riga ya zama fili saboda Lik Man, amma akwai sauran babura a gaba. Ya murɗa sitiyari ya nufi katangar kasuwa. A gindin katangar Mbok Darmi take suyar ayaba, tsohuwa ce da kowa a kasuwar ya ci daga kaskonta.

Motar ta ɗauke kurar da take suya a kai ta haɗa da bango. Tafasasshen mai ya watsu a jikinta, ƙafarta ta maƙale ƙarƙashin katako. Ƙarafunan baya suka zamo suka fasa gilashi suka wuce ta gefen kan Gunarto, sauran suka watse a titi.

Tsohuwar ta fasa ihu. Daga nan jama'a suka taso.

A wurinmu in mota ta buge mutum a kasuwa, ba a jiran ɗan sanda. Suka ɓalle ƙofar, suka jawo Gunarto ta ƙafa, kansa ya bugu da kwalta. Wani ya maka masa hular kwano a fuska. Wasu suka tsinci ƙarafunan rumfarsa da suka watse, da su aka rufe shi da duka. A baya, a ciki, a gwiwa, duk inda aka samu.

Yana ta cewa, "Birki ne. An gyara shi, wallahi an gyara." Ya zaro wayar da hannun dama ya ɗaga sama, fuskarsa duk jini. "Ku duba, kore ne."

Wani ƙato mai sayar da kifi ya ce, "Kore ne ko? Je ka nuna wa Mbok Darmi." Ya take hannun da ƙafa a kan kwalta, wani ya sauke ƙarfe a kai. Ya sake saukewa. Wayar ta tarwatse, yatsun suka tarwatse tare da ita.

Wani ya kawo kwalaben fetur daga teburin mai sayarwa. Aka watsa wa motar, aka watsa wa Gunarto ragowar a jiki. Ana neman mai ashana.

Nan Lik Man ya kutsa. Ya ture wannan, ya bangaje wancan, ya faɗa kan Gunarto ya rufe shi da jikinsa. Ƙarfen da aka riga aka ɗago ya sauka a kafaɗarsa, wani ya same shi a ƙugu. Bai motsa ba.

Ya ce, "In za ku ƙona shi, ku haɗa da ni. Ni na goya shi."

Mutanen kasuwa sun san shi, maƙwabcinsu ne. Mai kifin ya tsaya yana haki. Ya ce, "Lik Man, ba wannan ne ya fasa maka kunne jiya ba? Matarka ta faɗa mana."

Lik Man ya ce, "Shi ne. Kunnena ne, ni zan bi haƙƙina, ba ku ba. Kun tsaya nan kuna dukan mutum, ga tsohuwa can tana zubar da jini. Ba mai ɗaga mata katakon?"

Maganar ta karya su. Wasu suka juya wurin Mbok Darmi, suka ɗaga katakon suka sa ta a mota. Masu zafin kai suka huce a kan motar kayan, suka cinna mata wuta. Lik Man ya ja Gunarto ta hammata zuwa cikin wani shago, mai shagon ya sauke ƙofar ƙarfe, suka zauna a ciki har 'yan sanda suka iso. Daga unguwarmu ta kan tudu muna hango hayaƙin.

Allah Ya yi Mbok Darmi tana da sauran kwana. Ta rayu, amma da sanda take tafiya yanzu, hannunta da wuyanta duk tabon ƙuna, suya kuma ta ƙare. Duk lokacin da na gan ta sai zuciyata ta yi zafi, domin ita ba ta zaɓi manhaja ba, ba ta mari kowa ba.

Gunarto kuwa likitoci suka cire masa yatsu uku. Biyun da suka rage ba sa lanƙwasuwa.

Na je duba shi a asibiti ranar da ya sa aka kira Tarjo. Tarjo ya tsaya can bakin ƙofa, ya ƙi matsowa kusa da gadon.

Gunarto ya ce, muryarsa a dushe, "Me ya sa ka danna kore?"

Tarjo ya sunkuyar da kai. Sannan, karo na farko a rayuwarsa, ya ɗaga kai ya dubi maigidansa a ido. Ya ce, "Ina zan danna, Pak Gun? Wuri biyu ne. Ɗayan na ga abin da ya jawo wa Lik Man."

Gunarto ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna rawa. Ni dai ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Lik Man yana zaune a kujera gefen gadon, hannunsa rataye a wuya. Can Gunarto ya juyo ya yi magana ƙasa-ƙasa. Dattijon bai ko motsa ba. Ningrum ta taɓa shi ta nuna masa gadon.

Lik Man ya ce, "Magana yake? To sai in zagayo. Wannan kunnen ai ka rufe shi, Gun." Ya ja kujerarsa zuwa ɗaya gefen, ya kara kunnen dama. "Faɗi, ina ji."

Gunarto ya ce, "Ka yafe mini, Lik."

Ya ce, "Na yafe tun a kasuwa. Amma na Mbok Darmi ba a hannuna yake ba."

Shari'a ta yi nata. Gunarto ya yi zaman gidan yari na wasu watanni, gidansu kuma ya ɗauki nauyin Mbok Darmi har yau. Ningrum ta riƙe abin da ya rage na sana'ar. Abu na farko da ta yi shi ne goge manhajar ja da kore daga wayar kowa, ta sa mai launi uku.

Amma kun san me? Babu wanda ya taɓa rawayar. Tana roƙonsu, tana cewa ba mai dukan kowa, sai su yi murmushi su ce to, Mbak. Har Gunarto ya fito ya dawo aiki a ƙarƙashin ƙanwarsa, maɓallin yana nan sabo. In ya shigo fili sai hira ta mutu, kowa ya kama danne-danne.

Wata safiya ana kafa rumfa a bayan masallacinmu, sai wayar kowa ta yi ƙara lokaci guda. Rawaya ce, sunan Gunarto a kai. Tarjo ya danna ya kara a kunne, sauran ma suka danna, muryar ta fito daga wayoyi da yawa.

"Ni ne Gunarto. Na maƙale. Na kasa ɗaure igiyar kusurwa da hannu ɗaya. Don Allah wani ya zo ya taimake ni."

Yana can ƙarshen rumfar a tsaye, igiya a haƙoransa, gumi yana zuba. Da ya ɗaga murya ma za a ji shi, don ba nisa. Ya zaɓi ya danna ne a gaban kowa.

Aka tsaya ana kallon juna. Sai Tarjo ya aje kujerun da ke hannunsa, ya taka har wurinsa, ya karɓi igiyar ya ɗaure. Ya ce, "Riƙe mini ƙarfen nan, Pak Gun, yana karkata." Gunarto ya riƙe da hagu.

Kafin la'asar ranar wasu ma sun danna rawaya. Ɗaya lasifikarsa ce ta ƙi tashi, ɗaya kuma ɗansa ne ba lafiya yana so ya tafi gida.

Retno har yanzu tana Kendal. Duk Juma'a Gunarto yana hawa bas ya je, ya zauna a baranda, 'yarsa ta fito ta gaishe shi. Bai sa wannan a cikin kowace manhaja ba. Lik Man ya dawo yana jan sabuwar motar haya, kuma in za ka yi masa magana sai ka zagaya ta damansa.

Darasi: In za ka zaɓi manhajar tsara aiki, ko kowane tsari, ka fara duba ko akwai wurin da mutum zai ce "na kasa, a taimake ni" ba tare da tsoro ba. Shugaban da ke hukunta mai faɗa masa gaskiya, ƙarya yake koya wa mutanensa, kuma ranar da ƙaryar za ta fashe har wanda bai ji ba bai gani ba sai ta shafa. Ka ɗaga kai daga waya ka dubi fuskar mutanenka, ka riƙe hannunka, kuma kada ka mayar da iyalinka ma'aikata. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana da mutane a ƙarƙashinsa, wataƙila ya karanta kafin tasa motar ta kama gangara.